Abin da Ya Ɗauke 'Ya'yan Goggo

Daga Allah muka zo, kuma Goggo ta riga mu komawa gare Shi, ranar wata Talata da hantsi, a wani asibiti da ke Maryland. Kafin azahar gidan Yaya na Landover ya cika. Takalma sun taru daga bakin ƙofa har kan matakalar bene, maƙwabta suna tsallakewa suna kallonmu.

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce. Yaya, wato babban wanmu, shi ya kawo ta ƙasar nan a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da matarsa ta yi haihuwar fari, da niyyar ta yi musu jego ta koma. Ba ta koma ba. Shi ya sa a zaman makokin matar Yaya ta fi kowa rikicewa, sai ta shiga kicin ta fito hannu wayam, ta sake shiga. Shi kuwa Yaya ya zauna a kujerar cin abinci yana amsa gaisuwa da ka kawai. Wani direban tasi ɗan Nijar da ke ƙasan benensu ya ƙi shigowa, ya zauna a matakala yana kuka kamar yaro, yana cewa ita ta yi wa matarsa wanka sau huɗu. Matan da ta yi wa wankan jego kuwa ba su ƙirguwa. Akwai nas-nas, akwai malaman jami'a, akwai masu saida atamfa, kowace da labarin yadda Goggo ta ƙona mata baya da ruwan zafi. Yaranmu suna raɓe a kusurwa da wayoyinsu, ana yi musu ta'aziyya da Hausa suna amsawa da Turanci.

Da la'asar aka miƙo mini waya, wai wata tsohuwa ce daga gida, danginmu ce ta nesa. Muka gaisa, ta yi addu'a mai kyau, sannan ta ce, "Allah sarki baiwar Allah, ta tafi ba ta bar baya ba. Nonon nan nata ne dai bai yi mata adalci ba."

Na kashe wayar ban yi sallama ba. Matar Yaya ta dube ni, na ce layin ne ya katse.

Wallahi a gajiye nake. Tun rasuwar ban yi barcin kirki ba, ga aiki, ga yara, ga hanya daga gidanmu na Alexandria zuwa Landover da ba ta taɓa yin sauƙi. Amma maganar tsohuwar nan ta hana ni sakat, domin ita ce maganar da Goggo ta ɗauka a ka tun tana budurwar amarya har ta tsufa. Abu ɗaya ta nema a duniya, ta san ko nononta ne ya kashe 'ya'yanta. Na ga lokacin da ta kusa samun amsa, kuma na ga lokacin da amsar ta suɓuce mata, saboda a kan ɗana abin ya faru. In ban rubuta ba, maganar tsohuwar can ce za ta zauna.

Maza uku Goggo ta haifa a garinmu, tun kafin a haife ni. Kowanne ya zo lafiya, an yanka rago an raɗa suna, kuma kowanne ya koma kafin a yi arba'in. Bayan na ukun ne tsofaffin gida suka tatsi nononta a ƙoƙo, suka jefa tururuwa a ciki. Tururuwar ba ta fito ba. Shi ke nan, aka yanke hukunci, nononta mugu ne. Aka yi ta ɗura mata saiwoyi masu ɗaci, ita kuma ba ta ƙara samun ciki ba har mijinta ya rasu. Mijin nata ɗan baffanta ne, kamar yadda maigidana ɗan baffana ne. Duk mun san wannan labari, amma a gidanmu ba a ɗaga shi a gabanta. Tun muna yara aka ja mana kunne.

Wanda bai san labarin ba zai ɗauka masifaffiya ce kawai, kuma gaskiya tana da faɗa. In ka ce, "Goggo, yaya jiki?" sai ta ce, "Ga shi nan, ana ja." Ko ranar Sallah haka take amsawa. Ba ta yarda da ruwan famfo mai zafi ba, wai ruwan da bai ga wuta ba bai isa ya gasa mai jego ba. Sai ta ɗora babbar tukunya a kan murhun lantarki, ta zuba busasshen ganyen darbejiya da ake kawo mata daga gida cikin jakar matafiya, ta kinkima zuwa banɗaki. Sau nawa tururin ya ta da ƙararrawar gobara, Allah kaɗai Ya sani. Akwai ranar da mai kula da benenmu ya hau har hawa na tara yana huci, ya tarar da ita da ɗaurin ƙirji da ganye a hannu. Ya yi ta zuba Turanci, ita kuma ta bar shi ya gama, ta ce da ni, "Gaya masa in matarsa ta haihu ya kira ni." Na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ƙofa, ya sauka.

Ba ta iya karanta sunan tasha ba, amma ta haddace hanyar jirgin ƙasa na Metro da launi. Daga Landover ta shiga mai ruwan lemo, ta sauya zuwa shuɗi, ta sauka ta hau bas, da ledar gero da kanwa a hammata. Duk gidan Bahaushen da aka haihu a yankin nan, ko an kira ta ko ba a kira ta ba, da safe za a ji ta tana ƙwanƙwasa ƙofa. Ba ta taɓa karɓar komai ba sai turare.

Tana da wata ɗabi'a da ake yi mata dariya a kai. Duk jaririn da aka miƙa mata, kafin ta ce masha Allah, sai ta ɗora yatsa a maɗigarsa ta ji ko ta faɗa, sannan ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta saki ta ga yadda za ta koma. Matan nan masu digiri sukan ce, "Likita Goggo ta fara duba marar lafiya." Ita kuwa ba ta dariya. Sai ta ga fatar ta koma daidai take sakin fuska. Kuma ban taɓa ganin ta tsaya a ɗaki ana shayar da jariri ba, da an fito da nono za ta tuna tana da aiki a kicin.

Ɗana na biyu bakwaini ne. Saura kusan wata biyu ya zo, ɗan mitsitsi, aka wuce da shi ɗakin jarirai aka sa a kwalba. Aka sallame ni na dawo gida hannu biyu, kullum sai mu tafi asibiti da nonon da na tatsa. Goggo ta tare a gidanmu. Da asuba ta gasa ni, ta dama kunun kanwa, ta bi mu asibitin ta zauna a gefen kwalbar da carbinta.

A ƙasar nan duk jaririn da aka haifa ana tsaga masa diddige a ɗebi 'yan ɗigon jini, a aika ɗakin gwaji a duba wasu cututtuka da ba a gani da ido. Ban ma san an yi wa nawa ba. Ana gobe suna sai nas ta ce wata likita tana son ganinmu, gwajin ya nuna wani abu ya yi yawa. Muka shiga wani ɗan ofis, ni da maigidana da Goggo, don ta ce ba za ta tsaya a waje kamar 'yar aike ba.

Likitar dattijuwa ce mai furfura, mai magana a hankali. Ta zana ƙoda a takarda, ta zana wani ɗan ƙullutu a samanta. Ta ce ƙullutun nan yana fitar da sinadaran hormon da ke riƙe gishiri da ruwa a jiki, kuma an ga ɗaya daga cikin sinadaran ya hau a jinin yaronmu. Ta ce kada mu firgita, hakan yana yawan faruwa ga bakwaini, saboda jikinsu bai gama nuna ba kuma suna cikin wahala, yawanci in suka ƙara girma sai abin ya sauka da kansa. Amma akwai wata cuta ta gado da ita ma take sa shi hawa, don haka dole a sake gwaji, a riƙa auna gishirin jininsa.

"Me take cewa?" in ji Goggo.

Na taƙaita mata. Ta ce, "Cutar, yaya take yi?"

Na tambayi likita, ina fassarawa. Yaro yana zuwa lafiya lau, musamman namiji, ba a ganin komai. Sai a mako na biyu ko na uku ya fara ƙin nono, ya yi ta amai, ya rame, jikinsa ya bushe, maɗiga ta faɗa, ya yi laushi. In ba a gane ba, ya tafi. In an gane, akwai magani, yaro ya girma ya yi rayuwarsa.

Ina cikin fassarar na ji carbin ya daina motsi. Ban kalle ta ba, na kasa.

Likita ta tambaya ko ni da maigidana muna da dangantaka ta jini. Ya ce e, 'ya'yan wa da ƙane ne mu. Ta rubuta. Sannan ta tambaya ko a danginmu an taɓa rasa jarirai a farkon haihuwa ba a san dalili ba. Maigidana bai ko numfasa ba ya ce a'a. Ba don mugunta ba. An rene shi a kan cewa ba a ambaton 'ya'yan Goggo a gaban Goggo, kuma ga ta nan zaune kafaɗa da kafaɗa da shi. Ni ma na sunkuyar da kai.

Goggo ta ce, "Me ta tambaya?"

Ya ce, "Ba komai, Goggo, tambayoyin asibiti ne."

"Kai yaron nan, dube ni. Shekara nawa ina zaune gaban talabijin ɗin yayanku? Na san kalmar jariri, na san kalmar mutuwa. Me ka ce mata?"

"Goggo, don Allah a bar maganar. Abin da ya wuce ya wuce."

"Ya wuce a wurin wa? Ɗanka yana kwalba kana yi mini kara? Ni za ka ji wa kunya ka binne shi? To ban gode ba!"

Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya haka ba, shi ne ɗan lelenta a duk 'ya'yan 'yan'uwanta. Ya tashi ya fita, idonsa jawur. Ta juyo gare ni ta ce, "Ke, faɗa mata. Yadda na faɗa, kada ki gyara."

A wannan ɗan ofis, gaban Baturiyar da ba ta sani ba, Goggo ta ba da labarin da ba ta taɓa ba wa kowa a cikinmu ba. Ta kira su da sunayensu, ranar na fara ji. Na farkon ya fara amai kwana kaɗan bayan suna. Na biyun ya fi daɗewa, har ta fara sakin jiki. Na ukun tana ganin ya kau da kai daga nono ta san ya tafi, ta ce tun yana numfashi ta fara yi masa kuka. Ta kwatanta yadda fatarsu take tsayawa in an tsunkula. Ta faɗi zancen tururuwa, na rasa yadda zan juya shi, ta zungure ni ta ce in faɗa. Ina fassara ina kuka, ita kuwa idonta a bushe.

Likita ta ajiye biro. Ta ce abin da Goggo ta kwatanta ya yi kama da cutar sosai, kuma ta gode, domin yanzu za a sa wa yaron ido fiye da da. Goggo ta ce in tambaye ta ko nono yana kashe yaro haka. Likitar ta ce a saninta ba ta ga nonon uwa yana yin haka ba, amma ba za ta iya rantsewa a kan yaran da ba ta gani ba. Ta ce in aka tabbatar jaririnmu yana da cutar, to an san tana cikin dangi, kuma mai yiwuwa ita ce ta ɗauke nata.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Aka raɗa suna a masallaci ba taro. Kullum ana tsaga ɗan diddigen nan, har ya yi tabo. Gwaji na biyu ya sauka kaɗan amma bai kai inda ake so ba, aka ce a ƙara jira. Ni na rame, maigidana ya daina magana, shi da Goggo suna gaisawa kamar baƙi. Ita ta fara sauka, ta dafa masa dambun da yake so, ta ajiye a gabansa ta ce, "Ci, marar kunya." Ya ci yana share ido.

Abin da na lura da shi, kuma ya ba ni tsoro a lokacin, shi ne Goggo ta canja. Mu muna ƙarewa, ita tana warwarewa. Tana cin abinci. Na ji ta tana ɗan waƙe-waƙe a kicin. Ranar da aka fara fito da yaron daga kwalba aka ɗora mini shi a ƙirji ya kama nono, ba ta fita ba. Ta ja kujera ta zauna, ta gyara masa kai da hannunta, ta kalle shi har ya ƙoshi. Da muka fito na ce, "Goggo, yaya jiki?" don dai in ce wani abu. Ta ce, "Da sauƙi." Na tsaya na dube ta.

Sakamakon ƙarshe ya zo ana gab da sallamarsa. Sinadarin ya sauka daidai, gishirin jininsa bai taɓa motsi ba. Likita ta ce bakwaintaka ce kawai, yaro lafiyarsa ƙalau. Maigidana ya rungume ni a gaban mutane. Goggo ta shimfiɗa mayafinta a kan tayil ɗin asibiti ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba. Na rantse da Allah murnarta ta gaskiya ce, ba wanda ya kai ta yi wa yaron nan addu'a.

Maigidana ya tafi ɗauko mota, muka zauna a benci a bakin ƙofa muna jiransa. Tana ta kallon masu wucewa. Can ta ce, "To, ɗiyata, nawa fa?"

Na ce, "Goggo, ai likita ta ce lafiyar wannan ba ta nuna naki ba su da cutar ba. Mai yiwuwa dai ita ce."

"Mai yiwuwa," in ji ta. "Ai da mai yiwuwa na tsufa."

Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce, "Kada ki ɗauke ni da wani abu. Ban taɓa roƙon Allah Ya sa masa ciwo ba, ko da ƙiftawar ido. Amma kwanakin nan da ake jira, na kwanta ina cewa ashe ba ni ba ce. Ban san haka mutane suke barci ba."

Motar ta iso, muka shiga. Washegari ta koma Landover, ta ce matar wani ta kusa.

Daga baya na bincika. An ce ana iya gwada jininta a ga ko tana ɗauke da ƙwayar gadon cutar. Na kai mata maganar da murna. Ta tambaya, in an samu, an tabbatar ke nan? Na ce a'a, sai an haɗa da na mijinta ko na yaran. Ta ce, "Su kuwa suna ƙasa. In kuma ba a samu ba fa?" Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Kin gani. Bar ni da abin da na saba." Ta ci gaba da yawon jegonta har ƙafa ta gaza, tana taɓa maɗiga, tana ficewa in za a shayar. Ɗan nawa ya girma ya shiga firamare, yana ce mata kaka da harshensa na Turawa, tana zaginsa da ɗan kwalba.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba, zuciya ce. Ranar da na je mata ta ƙarshe da yamma ce, na taso daga aiki, cunkoson hanya ya cinye ni. Matar Yaya ta fita salla, muka rage mu biyu. Ta kama hannuna ta ce malamai suna cewa yaran da suka mutu da ƙuruciya suna jiran iyayensu a can. Na ce haka muke ji, Goggo, kuma Allah Ya ba ki lafiya.

Ta ce, "Bar wannan. Ni ba mutuwar nake tsoro ba. Kunyarsu nake ji. In na je na tarar ni ce fa? Da wane ido zan dube su?"

Na ce, "Goggo, ba ke ba ce. Wallahi ba nononki ba ne."

Na faɗa da ƙarfi, har nas ta leƙo. Ta dube ni, irin duban da take yi wa jariri kafin ta saki fuska, amma ba ta saki ba. Ta shafa bayan hannuna ta ce, "Ke ma kin gaji. Tashi ki tafi gida, yara suna jiranki."

Na tashi na tafi.

Ya Allah, Kai ne Ka ba ta su, Kai ne Ka karɓe su, Kai kaɗai Ka san abin da ya faru a jikinsu. Likita ta kasa gaya mata, ni na gaya mata ba ta yarda ba. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, kuma kafin Ka haɗa ta da su, Ka gaya mata da kanKa.